Yawan fanel ba shi ne yawan wutar da za ka sha ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan harkar sola ɗin nan da kowa ya raja'a a kai. Abin da ke damuna shi ne duk wanda zai haɗa sola tambayarsa ta farko "fanel nawa rufina zai ɗauka", wani ma so yake kawai ya fi maƙwabcinsa yawan kilowat, amma da wuya ka ji wanda ya zauna ya duba ƙarfe nawa gidansa ya fi jan wuta, alhali nan ne maganar take.

Fanel na kilowat 1 a inda rana ke da ƙarfi yana ba da kamar yunit 4 zuwa 5 a yini, kuma mafi yawan wannan wutar tsakanin hantsi da la'asar take zuwa, ta fi ƙarfi da tsakar rana. Toh a daidai wannan lokacin su wa ke gida? Maigida ya fita, yara suna makaranta, firji ne kawai yake ta gurnaninsa sai fanka ɗaya ko biyu. Sai rana ta faɗi sannan kowa ya dawo a kunna fitilu da talabijin da cajin waya, mai AC ya kunna, a lokacin kuwa fanel ya gama aikinsa ko wat ɗaya ba ya bayarwa.

Bari in yi lissafi mai sauƙi. A ce gida yana shan yunit 10 a yini, 3 da rana 7 da dare. Ka sa fanel na kilowat 2, ya ba ka kusan yunit 9 ko 10, a takarda sai ka ce shikenan ya biya maka buƙata, amma in babu batir yunit 3 ɗin nan kaɗai za ka sha kai tsaye. Ka ninka shi ya koma kilowat 4, wutar da ake samarwa ta ninka, amma abin da kake sha da rana ɗan kaɗan zai ƙaru, wataƙila da safe da yamma ko ranar hadari. Kenan ka kashe kuɗi ninki biyu, kason da kake amfani da shi daga wutarka kuma ya sauka daga kusan 30 cikin 100 zuwa wajen 20.

Wani zai ce ai ragowar ba asara ba ce. Ya danganta. A ƙasashen da ake tura ragowar wuta zuwa babban layi kamfani ya biya ka, kamar Jamus da ta kawo dokar hakan tun 2000, kuɗin da ake biya ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa sosai da abin da kai kake biya in ka sayi yunit ɗaya. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma a 2023 an zaftare kuɗin da ake biyan sababbin masu sola. Shi kuwa wanda ba ya iya tura wa layi komai, da zarar batir ya cika kwanturola ko inbata, wato na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita wutar, sai ta rage jan wuta daga fanel, rana na ta dukan rufi a banza, kuma ba za ka ma ga asarar ba don babu mitar da ke ƙirga wutar da ba a samar ba.

Batir yana gyara lamarin sosai, gaskiya ne, sai dai shi ne mai cin kuɗin kuma shi ne ke fara mutuwa. Batir mai ruwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, na litiyam ana iya cin 80 ko 90 cikin 100, kuma kowanne sai ya ci wani abu daga wutar da ka zuba masa kafin ya dawo maka da ita.

Kar a ce na ce a sa ɗan ƙarami. Ƙarfin da aka rubuta a bayan fanel an auna shi ne a zafin digiri 25, a kan rufi kuwa yana zafi fiye da haka nesa ba kusa ba sai ƙarfinsa ya ragu, ga ƙura ga hadari, don haka ƙara ɗan rara a kai hikima ce. Amma rara daban, cika rufi daban.

Ni dai abin da na gani ya yi aiki shi ne dawo da manyan ayyuka tsakar rana. Guga, injin wanki, tura ruwa tanki, hita, har firiza a bar ta ta daskare sosai da rana ta huta da dare. Dan Allah Malam Edita ku samo mana wani injiniya ya nuna wa jama'a yadda mutum zai riƙa duba mitarsa safe da magariba na sati ɗaya ya ware yunit ɗin rana da na dare, kafin ya kira mai haɗawa.

Naku,
Wani mai karatu