Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: a haɗa mana tarihin Turai da darasin adabi

Assalamu alaikum Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya yi riƙo da hannunka. Ni malamin adabin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati a nan Arewa, shekara goma sha ɗaya kenan ina shiga ajin SS1 zuwa SS3, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ce bari in rubuto maka kai tsaye.

Da farko dai mun ji daɗi da aka dawo da darasin tarihi makarantunmu, Allah ya saka da alheri, yaro ya san Shehu Usman ɗan Fodiyo da Kanem Borno da Oyo da Benin kafin komai, wannan ba na jayayya a kai ko kaɗan. Amma ranka ya daɗe akwai wani giɓi, yaran da muke shiryawa jarabawar WAEC da NECO kusan rabin littattafan adabin da ke hannunsu ba na Afirka ba ne, yawanci daga Ingila, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu komai game da ƙasar da zamanin da aka rubuta su, sai su koma hadda kawai, su haddace sunayen taurari da jigo daga handawut, a gama jarabawa a manta.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru a ajina. Lokacin da muke karanta Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, mun zo wajen da tauraron labarin, Heathcliff, yake amfani da aure don ya mallake gidaje da dukiyar mutane, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam to ya za a yi aure ya cinye wa mace dukiyarta, ai abin mace nata ne." Wallahi tambayar ta yi mini daɗi, don ita abin da ta tashi ta gani a gida kenan, a Musulunci gadon mace da sadakinta nata ne, miji ba shi da iko a kai. Sai da na ajiye littafin na yi musu bayani cewa a Ingila ta wancan lokacin in mace ta yi aure kuɗinta da kayanta sun koma hannun miji a doka, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan. Nan take ajin ya ɗauka, har waɗanda ke zama a baya suna gyangyaɗi suka shiga muhawara, kuma daga ranar suka gane me ya sa mutumin nan yake ta ƙulla aure kamar mai cinikin fili. Minti goma na tarihi ya yi abin da sati uku na karatu bai yi ba.

Haka Look Back in Anger na John Osborne, wasan 1956. Yara ganin farko suka ce tauraron wasan, Jimmy Porter, mara kunya ne kawai mai zagin matarsa, kuma gaskiya yana da laifinsa babba, ban wanke shi ba. Amma sai ka gaya musu ubansa ya je yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939 ya dawo da rauni, Jimmy yana ɗan shekara goma ya zauna yana kallonsa har ya cika, sannan ga shi ya yi jami'a amma alawa yake sayarwa a kasuwa alhali 'ya'yan masu hali suna ta haye manyan kujeru. Ranka ya daɗe wane yaro ne a Kano ko Gusau bai san mai digiri da ke tuƙa adaidaita sahu ba? Sannan surukin Jimmy, Kanal Redfern, ya bar Ingila a 1914 ya yi zamansa a Indiya har 1947 da ta samu 'yanci, ya dawo gida ya rasa inda zai sa kansa. Irin waɗannan mutanen ne fa suka zo mana nan, shi kansa Gwamna Lugga a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, kuma sojojinsa ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903. To ka ga tarihin Turai ai ya biyo mu har ƙofar gida, ba za ka fahimci taron Balin na 1884 zuwa 1885 kan rabon Afirka tsakanin Turawa ba in ba ka san masana'antun da suke neman manja da auduga da gasar da ke tsakanin Ingila da Faransa da Jamus ba.

Yanzu kuma sabon jerin littattafai na 2026 zuwa 2030 ya kawo A Man for All Seasons, labarin Thomas More da Sarki Henry na takwas. Ta yaya yaro zai gane dalilin da mutum zai yarda a sare masa kai a 1535 saboda ya ƙi yin rantsuwa, in bai san rikicin sarkin da Fafaroma kan sakin matarsa Catherine ba, bai san dokar 1534 da ta mai da sarki shugaban cocin Ingila ba, bai taɓa jin Martin Luther da abin da ya taso a Jamus a 1517 ba? Ga kuma An Inspector Calls, an rubuta shi a 1945 amma labarin a 1912 yake, maigidan yana bugun ƙirji wai ba za a yi yaƙi ba kuma jirgin Titanic ba zai taɓa nutsewa ba, wanda bai san yaƙin duniya na farko da ya ɓarke a 1914 ba zai wuce wajen nan bai ji komai ba.

Abin da nake roƙo ba wani sabon darasi ba ne da zai ƙara wa yara lodi, jadawalinsu ya riga ya cika. Ka sa hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta zauna da malaman tarihi da na adabi su fitar da ɗan ƙaramin littafi, shafi huɗu ko biyar ga kowane littafin jarabawa, da taswira da shekaru da yadda mutane ke rayuwa a lokacin, cikin Turanci mai sauƙi, in da hali a yi wa malamai bayaninsa da Hausa da sauran harsunanmu. A ba shugabannin makarantu dama su jera awar tarihi kusa da ta adabi, ko da sau ɗaya a sati biyu malamin tarihi ya shigo ajina mu tsaya tare gaban allo. Kuma a kwalejojin ilimi duk wanda zai koyar da adabi a ba shi kwas ko da guda ɗaya ne na tarihin Turai, don mu da yawa da kuɗin datarmu muke bin intanet da daddare muna haɗa wannan bayanin, wanda ba shi da wayar kirki ko wuta kuma haka zai shiga aji.

'Yan SS2 na bana sun riga sun fara sabbin littattafan nan, shi ya sa nake roƙon a duba maganar kafin zangon karatu mai zuwa.

Na gode, Allah ya taimaki Minista.

Naka,
Wani malamin adabi daga Arewa