Koke ga Mai Girma Hakimi kan raɗaɗin da masu ciwon daji ke sha a gida

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma.

Mu ne iyalan da ke jinyar masu ciwon daji a gidajenmu, waɗanda likita ya riga ya ce a mayar da su gida a ci gaba da addu'a. Mun yarda da ƙaddara, warkarwa ta Allah ce, amma raɗaɗin nan yana da magani kuma ba ma samunsa, shi ya sa muka kawo kuka.

Ranka ya daɗe akwai wata uwa a cikinmu mai sankarar mama, ko zama ta yi salla ba ta iyawa sai dai a kwance da ishara, kunu ma cokali biyu ta ture, in dare ya yi ana jin nishinta har maƙota, jikokinta an kai su gidan kawunsu don kar su riƙa ji. 'Yarta ke juya ta, ita ma ta rame. Muna zuwa kemis a ba mu Panadol, wallahi kamar ka zuba ruwa a kwando.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na maganin zafin ciwon daji, na ƙarshe shi ne na magunguna masu ƙarfi irin su mofin, ana ma yin na ruwa da ake sha a baki duk bayan awa 4. To amma sai a asibitin koyarwa can birni, da takardar likita, ga kuɗin mota, wani lokacin ka je a ce ya ƙare. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 kowa ke ɗari-ɗari, kana ambatar mofin sai a kalle ka kamar ɗan ƙwaya. Mu ma fa ba ma son shaye-shaye, amma tsohuwar da ke kwance me ya haɗa ta da wannan?

Muna roƙo ka yi wa shugaban ƙaramar hukuma da kwamishinan lafiya magana a riƙa ajiye maganin a babban asibitinmu ƙarƙashin kulawar likita, a kuma ware nas ɗaya da za ta riƙa zagayawa gidaje ko sau ɗaya a mako. Sannan don Allah limamai su faɗa a huɗuba cewa shan maganin raɗaɗi ba rashin tawakkali ba ne, don akwai dattawan da ke ƙin sha saboda haka.

Allah ya ja zamaninka.

Daga iyalan majinyata na gundumarka.