Zuwa ga ɗana a Kusiri, kan maganar kamshaf

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya zafin Kusiri? Mu nan Garwa sai godiya.

Labari ya iso mini, kuma ba daga bakinka ba, cewa ka sauke injin babbar motar nan Marsandi 1113 a gareji, wani makaniki ya yi maka alkawarin kamshaf na gudu, wanda aka sake wasa tozayensa, wato tuddan jikinsa masu tura bawul, wai don ka daina shan ƙurar sababbin motoci tsakanin Marwa da Garwa. Na so a ce kai ka kira ni. Tunda ba ka kira ba, ga takarda, ka karanta lokacin da abokanka ba sa kanka.

Injin nan OM352 ne, silinda 6, lita 5.7, tun 1964 Jamusawa suka fara fitar da irinsa. Ƙarfin doki 130 ne a juyi 2,800 a minti, amma ba a can sama yake neman mana abinci ba. Ƙarfin jansa a ƙasa yake, inda yake gurnani da lodi a bayansa. Kamshaf shi ke yanke lokacin da bawul zai buɗe da lokacin da zai rufe. Na gudu yana barin bawul ɗin iska a buɗe ya daɗe. Idan inji na juyi da sauri, iskar na shigowa da ƙarfinta, sai a ci riba. Idan juyi ya sauka, fiston ya riga ya kama hanyar sama ƙofa ba ta rufu ba, sai ya mayar da iskar waje, kamar wanda ya cika buhu ya ɗaga bai ɗaure bakin ba. Matsi ya ragu ke nan, kuma injin gazuwal da matsi yake kama wuta. Da sanyin hunturu za ku yi ta turi da asuba, salansa na fitar da farin hayaƙi. Ga shi tsakanin fiston da bawul a irin wannan inji tazarar ba ta da yawa, a ƙara wa tozo tsayi kaɗan sai su gaisa.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ya hana ni barci hawan dutsen Falez ne. Ka taso daga Marwa da albasa har saman bodi, ka wuce Mbe, ka kama dutsen nan kafin Ngaundare. Kwana na bin kwana, ba wurin ɗaukar gudu. Kana giya biyu, juyi na sauka, injin da ya saba riƙewa a nan ya saki. Ka taka kuloci za ka koma ɗaya, giya ta ƙi shiga, mota ta tsaya cik, sannan ta fara ja da baya. Yaron motarka ya diro da waigi yana gudu a gefen taya, rami na gefe. Yaron nan ɗan mutane ne, amana aka ba ka. Ka san abin da ya sami kawunka a wurin, ka san yadda innarka take yi har yau idan an ambaci sunan dutsen. Ashe sai na tuna maka? Don wani yaro ya wuce ka da hon ya ɗaga maka hannu, shi ne za ka sayar da ƙarfin hawa ka sayi gudun fili? Wallahi ban zaci haka daga gare ka ba.

Ka sha cewa ina tafiyar da motar nan kamar mai rakiyar amarya. To, da wannan rarrafen aka yi rufin gidan da ka girma a ciki, da shi aka kai ku makaranta, kuma ban taɓa kwana a ƙasan dutse ina jiran a ja ni ba.

Na yarda motar ta yi sanyi, ban ce ƙarya kake ba. Amma kafin a taɓa kamshaf, a duba filtar iska, ƙurar hanyar Waza ba ta barin komai. A gwada nozul, a duba lokacin famfon mai, a daidaita tazarar bawul inji na sanyi, a auna matsin kowace silinda. Sau da yawa ciwon a nan yake. Idan an zaro kamshaf, a sa ma'auni a kan tozayen ɗaya bayan ɗaya, kana tsaye. In sun cinye, ka nemi na asali wanda ya dace da lambar injinmu, wanda ba shi da turbo. Wanda aka wasa a kasuwa kada ka karɓa ko kyauta ne, don taurin ƙarfen a fatar sama yake, in dutse ya cinye ta saura laushi. Kuma sabon kamshaf da sababbin tafet yake tafiya, wato ƙarafan da ke zaune a kan tozayen. Tsofaffin za su cinye shi kafin ka yi sawu kaɗan.

In kuɗin ne ya gaza, ka faɗa mini ba kunya, akwai abin da na ajiye na gyaɗar bana. Ka turo mini hoton tozayen ta WhatsApp ɗin ƙanwarka kafin a rufe injin. Innarka na gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka.