Wasiƙa ga Auta: lamba 5 ta ɓace a Porsche 911

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake a nan Jamus, alhamdu lillahi. Baba ya faɗa mini a waya cewa maigidanka ya fara barinka kana taɓa giyabos, shi ya sa na ga ya dace in ba ka labarin wani aiki da ya shigo garejinmu.

Motar Porsche 911 Carrera ce, ƙirar 1984. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Giyabos ɗin kuma, wanda ake kira 915, yana gaban injin, shi kamfanin ya riƙa sa wa wannan mota daga 1972 zuwa 1986, kafin G50 ya gaje shi a 1987. Tun da direba yana gaba giyabos yana baya, wani dogon rodi ne ya ratsa ƙasan motar daga libar giya har zuwa bakin giyabos. Ka riƙe rodin nan a ranka.

Mai motar ya ce giya lamba 5 ta ɓace, kuma wani gareji sun ce masa sai an sauke giyabos an farke shi. A wannan mota kuwa inji da giyabos tare ake sauke su, ba ƙaramin aiki ba ne. Maigidana bai ko ɗauki sifana ba, tambayarsa ya yi: ta ɓace ta yaya?

Dalilin tambayar shi ne, ɓacewar giya iri-iri ce. Akwai wadda liba take ƙin shiga sam. Akwai wadda take shiga amma da gurza. Wata ta shiga lafiya, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta tofo kanta ta koma firi, wannan yawanci ƙananan haƙoran da ke riƙe giyar ne suka cinye, ko boris ɗin da sandar giya ke juyawa a kansa ya saki, wani lokaci ma robar da ke riƙe inji da giyabos ce ta mutu. Wadda ta fi tayar da hankali ita ce liba ta zauna daram a wurinta, ka saki kulochi, inji ya yi ta ihu mota ba ta motsa ba. A nan sai ka fara tunanin silekta, wato ƙarfen da ke tura giya ta shiga, ya karye ko haƙori ya zube a ciki. Mutumin ya ce tasa, liba tana tafiya wajen lamba 5 amma ba ta kama komai, lilo kawai take kamar haƙori mai girgiɗi.

Na fara da kulochi, don shi ne mafi saurin wankewa daga zargi. Na kashe inji na gwada giyoyin duka. In giya tana shiga inji a kashe, ta ƙi shiga inji a kunne, to kulochi ne ba ya saki gaba ɗaya, kuma irin wannan ba ya zaɓar giya guda, duka yake wahalarwa, musamman lamba 1 da ribas. A nan kuwa ko inji a kashe lamba 5 ba ta shiga, alhali lamba 3 da 4 sumul. Kulochi ya fita.

Sai na gwada ribas, na ji sai na yi ta lalube kafin ta kama. Mai motar bai ambaci wannan ba, wai ya ɗauka halin tsohuwar mota ne. Amma a nan bakin zaren yake. A cikin giyabos, silekta ɗaya giya biyu yake yi wa aiki: lamba 1 da 2 layinsu ɗaya, 3 da 4 ɗaya, a 915 kuma lamba 5 da ribas su ne a layin dama. In ka tura liba gefe, rodin murɗawa yake ya zaɓi layi; in ka tura ta gaba ko baya, rodin ya zame ya sa giyar. Da wuya giya biyu na layi ɗaya su lalace lokaci guda kowace da ciwonta. Abin da ya fi kusa shi ne murɗawar ba ta isa wannan layin. Layin tsakiya ba ya bukatar murɗawa, shi ya sa 3 da 4 ba su san ana yi ba.

A bayan kujerun gaba akwai ɗan murfi a ƙasan motar. Na kwance shi, ga mahaɗar da ta haɗa dogon rodin da sandar da ta fito daga giyabos. Bushin biyu ne na roba a cikinta, wato 'yan zobban da ke hana ta lilo, ɗaya ya farfashe ya zube, ɗayan saura ƙiris. Maigidana ya kaɗa liba ina kallo: rodin yana murɗawa, sandar giyabos ba ta bin sa sai rabi.

Duk da haka ban yarda ba tukuna, don bushin ya mutu ba ya nufin cikin yana da lafiya. Na sa alama a inda mahaɗar take zaune, na cire ta, muka ɗaga tayoyin baya. Na kama sandar giyabos ɗin kai tsaye, na murɗa ta zuwa layin dama na sa lamba 5 da hannuna, na ji ta faɗa ƙwas. Muka juya tayoyin, suka nuna giya ta kama. Wannan gwajin ne ya raba gardama, kuma a kowace mota yana aiki, ko mai rodi ko mai kebul: ka raba liba da giyabos, ka sa giyar daga jikinsa. In ta shiga, ciwon a waje yake.

Mun kuma juye man giyar mun duba mayen ƙarfen da ke jikin notin juyewa. Laushin garin ƙarfe ne kawai, wanda ba a rasa shi, babu gutsuren haƙori. A yawancin motoci in zoben sinkoro, wanda ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, yana cinyewa za ka ga mai yana ƙyalli ruwan zinariya, don zoben na tagulla ne. Na 915 na ƙarfe ne, ƙirar Porsche ta kanta, saboda haka kada tsabtar mai ta ruɗe ka a kansa.

Muka sa sababbin bushin, har da wanda ke ƙarƙashin libar, sannan muka zauna saiti, wanda ya fi canjin cin lokaci. Maƙalar da ke riƙe mahaɗar tana ba da damar tsawo da murɗawa, in ka kauce kaɗan sai ka samu lamba 5 ka rasa lamba 1.

Da na fita gwaji, lamba 5 da ribas sun dawo, sai dai lamba 2 tana ɗan gurza in an sauko mata da sauri daga 3. Na taka kulochi sau biyu, wato na dawo firi na saki kulochi na ɗan ba da wuta sannan na sake takawa na sa, ta shiga shiru. Ma'ana sinkoronta ya gaji, ba ya iya daidaita gudun giyar da kansa. Wannan kam a ciki yake, kuma sananne ne ga 915. Mun gaya wa mai motar gaskiya, ya ce zai lallaɓa ta sai lokacin sanyi da ba ya hawanta, sannan a sauke.

Duk giyabos ɗin da maigidanka ya buɗe a gabanka, ka duba wace giya ce ke layi ɗaya da wace, ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaishe da Baba da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arsu.

Wassalam,
Yayanka