Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Damagaram kan izinin ajiye namun daji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a matsayina na mai kiwon tsuntsayen ado da sayar da su a birnin Damagaram. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin ba tawa ba ce ni kaɗai. Ta shafi masu sayar da dawisu da aku da gauraka, da masu gidajen saukar baƙi da wuraren shaƙatawa da ke ajiye barewa ko jimina ko kada don jawo jama'a, da gardawa masu wasa da kura da biri da maciji, har da dukawa masu aikin fatar mesa da ta guza. Roƙona shi ne a fito da hanyar neman izinin ajiye waɗannan dabbobi fili, yadda mai sana'a zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da takardar da zai riƙe, da kuɗin da zai biya, da kuma dabbar da ba za a ba shi izininta ba ko nawa ya kawo.

Doka dai akwai ta. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta ware dabbobin da aka kare gaba ɗaya da waɗanda aka kare bisa sharaɗi, ta kuma ɗaure farauta da kamu da takardar izini. Ban da ita, ƙasarmu tana cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe tun 1975. Sai dai waɗannan takardu da Faransanci suke, a ofis suke, alhali mafi yawan masu wannan sana'a gadonta suka yi, kuma ba su taɓa jin wani ya karanta musu jerin dabbobin da aka hana ba. A 2016 aka mayar da aku mai ruwan toka da jar wutsiya cikin rukunin farko na CITES, ma'ana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe ya haramta. Mai sayen aku a hannun fatake da suka shigo da shi daga kudu ta iyakar Magarya ko Matamaye, shi dai abin da ya sani tsuntsu ne mai magana da attajirai ke so a tsakar gida, ba ya kuma sanin ya taka doka sai ranar da aka kama shi.

Wannan duhu yana cutar da mai gaskiya ne. Wanda yake son ya bi ƙa'ida yana rasa inda zai fara, ko ma'aikatar muhalli da gandun daji, ko ofishin magajin gari inda yake biyan harajin shago, ko likitocin dabbobi. Wanda kuwa ba ya son bin ƙa'ida, duhun ne yake yi masa rana, domin a cikinsa yake shigo da abin da ya ga dama, ya sayar da rahusa, ya karya kasuwar sauran.

Dabbobin ma suna shan wuya, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Na ga barewa a wani gidan saukar baƙi an ɗaure ta a kan siminti, kofatonta sun yi tsawo sun lanƙwashe har ba ta iya taka ƙasa daidai, abincinta kuwa sauran shinkafar da baƙi suka rage. Na ga biri da sarƙa a ƙugu tun yana ƙarami, ya girma sarƙar ba ta girma ba, ta nutse cikin fata, ƙuda na bin wurin, yara kuma suna miƙa masa gyaɗa da hannu. Masu su ba mugaye ba ne. Babu wanda ya taɓa gaya musu faɗin kejin da ya kamata, ko irin abinci, ko nisan da za a bari tsakanin dabba da mai kallo. A gari irin namu da ƙarancin ruwa ke addabar unguwanni duk lokacin bazara, ya kamata a tambayi mai neman izinin ajiye kada daga ina zai riƙa samun ruwan da zai canza masa, tun kafin a sa hannu a takarda.

Sai maganar lafiyar jama'a. Mu masu kiwon tsuntsaye ba mu manta da 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye karon farko a Nijar a Magarya, cikin jiharmu. Tsuntsun da aka ɗauko daga wata ƙasa aka zuba shi kai tsaye cikin kaji da zabi da tattabarun kasuwa, ba tare da an keɓe shi na wasu kwanaki likita ya duba ba, zai iya jawo wa dubban gidaje asara. Cizon biri kuma yana iya ɗauke da ciwon haukan kare. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe. Sai hukuma ta san gidajen da ake ajiye waɗannan dabbobi tun ana lafiya, sannan za ta san inda za ta dosa ranar da cuta ta ɓulla.

Jiharmu tana da abin da za ta kare. Gandun Termit da Tin-Tumma da aka kafa a 2012, wanda wani ɓangarensa ke cikin yankin Tasker, yana ɗauke da nau'o'in barewa da suka kusa ƙarewa a duniya. A Kelle, cikin yankin Gure, ana kiwon jimina mai jan wuya da nufin mayar da ita daji, bayan farauta ta kusa share ta daga ƙasar nan. Duk ɗan barewar da aka saya a birni ba tare da an tambayi asalinsa ba, kuɗin yana komawa ne ga wanda ya kamo shi, sau da yawa bayan ya harbe uwar. Saboda haka takardar izini ba za ta yi amfani ba sai ta nuna inda dabba ta fito, ko haifaffiyar gida ce ko kamun daji.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ofishinka ba. A fassara jerin dabbobin da aka kare da sharuɗɗan izini zuwa Hausa da Barbarci, a liƙa su da hotuna a Kasuwar Dole da ofisoshin gundumomi biyar na birnin, a kuma karanta su a gidajen rediyo. A ware teburi guda inda jami'in gandun daji da likitan dabbobi da wakilin magajin gari za su duba takarda tare, da farashi a rubuce da rasit. Sannan a ba da wa'adi, ko da wata shida ne, wanda duk mai dabba zai zo ya yi rajistarta ba tare da tara ba, domin idan aka fara da kamu mutane za su ɓoye dabbobin a ɗakuna masu duhu, ko su yanka su.

Gardawa da mafarauta suna da shugabanninsu, suna kuma jin maganar fada. Idan aka nemi Mai martaba Sarkin Damagaram ya tara Sarkin Baka da manyan waɗannan sana'o'i, saƙon zai kai inda takardar ofis ba ta kaiwa. Na san wasu dabbobin dole a karɓe su daga hannun masu su, kuma ban ƙi hakan ba. Amma kafin a karɓa sai a tanadi wurin ajiya mai ruwa da inuwa da mai kula, domin dabbar da ta girma a hannun mutum ba ta iya rayuwa idan aka sake ta a daji haka kawai.

Ina roƙonka ka sa a kira mu zama da ma'aikatun da abin ya shafa kafin damina ta kama, lokacin da ake yawan shigo da 'ya'yan namun daji kasuwa. Ni a shirye nake in buɗe kejina a fara binciken daga kaina.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wani mai kiwon tsuntsayen ado,
unguwar Zango, Damagaram.