Zuwa Ga Lawal, Kafin Ya Tuɓe Kaki

Houston, Texas
Daren Lahadi

Aminina Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya iyali, ya kuma sanyin Jamus? Ina fata Maman Sadik da yara duk suna lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ciwon bayan nan nawa ne dai yake tashi idan gari ya yi sanyi, amma da sauƙi.

Saƙonka na murya ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na saurare shi sau biyu a cikin mota. Wata magana da ka yi a ƙarshe ce ta sa na ce gara in zauna in rubuta, don ka samu abin da za ka riƙa komawa kana dubawa. Ka ce batun karatun yara ka ajiye shi sai ka yi ritaya hankalinka ya kwanta, tunda yanzu ne Sadik yake shekara 15. Lawal, don girman Allah kada ka yi haka. Abin da na yi ke nan, kuma har yau yana ci mini rai.

Ka san tsarin GI Bill, tallafin karatu na sojojin Amurka, da ya fara aiki a 2009 ya ba kowannenmu wata 36 na karatu. Idan jami'ar gwamnati ce, ana biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya a kan farashin 'yan jiha, ga alawus na haya kowane wata, ga kuɗin littattafai da ya kai dala 1,000 a shekara. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu kula da shi ba shi ne, watannin nan ba gado ba ne da yaro zai zo ya tarar. Sai uba ya miƙa masa su da hannunsa, kuma sai yana cikin kaki. Ma'aikatar Tsaro ce take amincewa da miƙawar, ba VA ba, wato hukumar kula da tsoffin sojoji. Ranar da aka damƙa maka takardar sallama, DD-214, ƙofar ta rufe.

Ni na fita a 2013 ban miƙa wa kowa ko wata ɗaya ba. Lokacin Halima tana firamare, ni kuma hankalina yana kan asibiti da neman abin yi. An yi mana bayani a taron masu shirin fita, ina zaune a ɗakin, amma kunnena ne kawai yake wurin. Na ci wani ɓangare na watannin wajen koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda da shi nake ci da iyali yanzu, alhamdu lillahi. Ragowar suna nan da sunana, ba su da ranar lalacewa, amma ba ni da ikon bai wa 'ya'yan da na haifa.

Ba na manta daren da na gane haka. Halima ta samu gurbi a jami'a, ta ɗauko kwamfutarta ta ajiye a kan teburin cin abinci, mamarta tana kwashe kwanuka. Ta nuna mini lissafin kuɗin zangon farko, ta ce, "Baba, an ce in kawo takardar shaidar GI Bill ɗinka." Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Na shiga shafin, na duba sama na duba ƙasa, babu wurin da zan sa sunanta. Washegari na buga waya aka tabbatar mini. Na daɗe zaune a mota a ƙofar gida kafin na iya shiga in gaya mata.

To kai ga inda kake. Sharaɗin shi ne ka cika shekara 6 a aiki, sannan ka amince za ka ƙara 4. Kuma huɗun nan ana ƙirga su ne daga ranar da ka shigar da buƙatar, ba daga ranar da yaro ya shiga jami'a ba. Ka ce mini kana da shekara 15 da rabi a aiki, kana son ka ajiye a 20. Ka ga ke nan wata shida ne kacal ya rage maka idan kana son lissafin ya zo daidai. Duk watan da ka ƙara bayan nan, ritayarka ka tura gaba. Ka shiga milConnect, shafin intanet na Ma'aikatar Tsaro inda ake shigar da buƙatar, cikin makon nan, aikin bai kai minti 30 ba, sannan ka bi sawu a ofishinku har ka ga an rubuta an amince, ka buga takardar ka adana.

Idan ka zo cikewa, ka sa wa kowa aƙalla wata ɗaya: Sadik, Maryam, auta, har da Maman Sadik. Bayan ka fita kana iya sauya rabon yadda ka ga dama, ka rage wa wannan ka ƙara wa wancan, amma ba ka iya ƙara sunan da ba ka sa ba tun kana ciki. Sannan sai wanda yake cikin rajistar iyalai ta DEERS ake iya bai wa. Wannan ya sa na tuna da ɗanka na wajen uwargidanka ta farko da yake Zariya wurin Hajiya. Ban san ko ka taɓa sa shi a rajistar ba. In ba ka sa ba, ka je ofishin ka tambayi takardun da ake buƙata tun yanzu. Shi ma ɗanka ne, kada wata rana ya ji an yi rabo ba da shi ba.

Amma kada ka ɗauka wata 36 wani abu ne mai yawa. Shekarar karatu wata tara ce, sau huɗu, digirin yaro ɗaya ke nan. Kai kuwa kana da huɗu. Da ni ne, ba zan ƙona watannin a shekarun farko ba. Wata ɗaya wata ɗaya ne, ko makarantar mai arha ce ko mai tsada. Yaro ya fara shekara biyu a kwalejin unguwa yana kwana a gida, ku biya daga aljihu, sai a fito da GI Bill lokacin da ya koma babbar jami'a inda kuɗin yake da nauyi. Na san Maman Sadik tana da burin ganinsa a jami'a mai suna tun ranar farko, ba laifi ba ne. Sai dai ku sani jami'o'in kuɗi akwai iyakar abin da ake biya musu, a 2024 da 2025 yana wajen dala 29,000 zuwa 30,000 a shekara. Abin da ya haura, sai in makarantar tana cikin shirin Yellow Ribbon, inda take yafe wani kaso VA ta ƙara daidai shi. Ba kowace ce take ciki ba, wasu kuma gurabensu ƙidayayyu ne, wanda ya riga shi ya samu. Ka kuma riƙe cewa yaro sai ya gama amfani da rabonsa kafin ya cika shekara 26.

Za ka tambaye ni to yaya Halima ta yi karatu. Allah ne ya kawo mafita ta inda ban zata ba. Da aka sake duba lafiyata, aka yanke cewa naƙasar da na samu a bakin aiki cikakkiya ce kuma ta dindindin, sai 'ya'yana suka cancanci wani tallafi daban, wanda kowa yake kira Chapter 35. Fom mai lamba 22-5490 ta cike. Shi wannan ba ya biyan makaranta. Kuɗi ne da ake turo wa ɗalibi a asusunsa duk wata, dala 1,500 da 'yan kai ga mai cikakken karatu, shi ma na wata 36. Kuɗin makarantar kuwa dokar Hazlewood ta jihar Texas ce ta ɗauke mana, wadda take yafe har kiredit 150, wato awon darussan da ɗalibi yake ɗauka, a makarantun gwamnatin jihar. Na samu wannan ne don a Houston na shiga soja. Kai a New York ka shiga, saboda haka ko ka dawo kusa da ni ba za ta hau kanka ba. Amma Kalifoniya da Virginia da wasu jihohin suna da nasu, kowace da sharuɗɗanta. Kafin ka yanke inda za ku zauna, ka duba wannan kamar yadda za ka duba farashin gida. Ba na yi maka fatan hanyar da na bi, don da lafiyar jikina na biya ta.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ba mu wahala, gara ka ji su tun yanzu. Kuɗin wata ba ya zuwa sai watan ya ƙare, kuma kwanakin da aka yi karatu kawai ake biya. Halima ta fara a ƙarshen Agusta, abin da ya shigo a farkon Satumba na 'yan kwanaki ne, ga mai gida yana jiran haya. Sai da na roƙi 'yan adashinmu suka ba ni kwasar watan. Ka tanadi kuɗin wata biyu a gefe. Lokacin hutu ma ba a biya.

Na biyu, kada yaro ya ajiye wani darasi ba tare da ya yi shawara ba. A shekararta ta biyu ilimin sinadarai ya yi mata tsauri, ta ajiye shi a tsakiyar zango ba ta gaya wa kowa ba. Daga kiredit 12 ta koma 9, ta fita daga sahun masu cikakken karatu, sai ga wasiƙa cewa ta mayar da rarar da aka biya ta. Ta zo tana kuka da takardar a hannu. Mun biya a hankali, amma da ta fara leƙa ofishin tsoffin sojoji na makarantar da ba a kai ga haka ba. Kowace makaranta tana da jami'in da yake tabbatar wa VA cewa ɗalibi yana karatu. Tasu wata dattijuwa ce, a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, da kwalin alewa a kan teburinta. Ranar farko da muka je ta ɗauki biro ta zana wa Halima duk abin da za ta riƙa kawowa kowane zango. Ka sa Sadik ya san irin wannan mutumin tun makon farko, ya riƙa gaishe shi.

Sannan ko da GI Bill a hannu, ku cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, duk shekara. Mutanenmu suna ƙyale shi wai ai soja ya biya. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda yake kaiwa dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma ba bashi ba ne. Wurin da za ku yi hattara shi ne takardar da makaranta take turowa bayan nan, don tana haɗa kyauta da rance a shafi ɗaya. Ku karanta layi-layi, ku karɓi kyautar, ku bar rancen da yake da kuɗin ruwa in kuna da hali.

Halima tana shekarar ƙarshe a karatun jinya, in Allah ya yarda za a yaye su a watan Mayu. Ta ce in gaya wa Baba Lawal tana sa ran ganinsa, ko da a waya ne. Ƙaninta Usman kuma yana ajin ƙarshe na sakandare, mun fara tara takardunsa.

Idan ka shigar da buƙatar, ka ɗauki hoton shafin ka turo mini ta WhatsApp. In ban gani ba zuwa Juma'a mai zuwa zan kira ka, in ba ka ɗauka ba in kira Maman Sadik. Ka gaishe ta da kyau, ka shafa mini kan auta. Idan kun yi waya da Hajiya ka ce ina gaisuwa, ina kuma neman addu'a. Allah ya tsare ka a bakin aiki, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Aminu