Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Kan Tattara Tsofaffin Baturan Litiyam da Sake Amfani da Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, dattawan sana'a, da 'yan'uwa masu gyaran waya, masu gyaran kwamfuta da masu haɗa sola, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin yadda aka tafiyar da aikin da babban taron bara ya ɗora masa, wato a tattara baturan litiyam da suka gaji, a tantance su, a mayar da masu sauran ƙarfi bakin aiki, waɗanda suka mutu kuma a killace su har a sami inda ya dace a kai su. Lissafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita yana cikin rahoton ma'aji, saboda haka ba za a maimaita shi a nan ba.

Kowa a cikinmu shaida ne cewa tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da shaguna da asibitoci masu yawa a Kano suka jingine janareta suka koma sola, kuma waɗanda ke da hali sun bar batir mai ruwan asid sun rungumi na litiyam. Idan aka haɗa wannan da baturan waya, da na laftof, da na fanka da fitila masu caji, za a ga cewa kayan da ke shigowa kasuwanninmu a yau su ne sharar da za ta taru a hannunmu nan da 'yan shekaru. Yanayinmu kuma yana gaggauta hakan, domin masu ƙera waɗannan batura galibi ba sa son a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano da ba shi da sili inda mutane da yawa ke girke inbata.

Aikin tattarawa ya fara ne da ajiye akwatunan ƙarfe a shagunan mambobi da ke Farm Centre da titin Beirut da Sabon Gari, tare da ƙa'ida guda da aka nanata wa kowa: duk batirin da zai shiga akwati sai an rufe bakinsa da salatif, wanda ya kumbura ko ya huje kuma ba ya shiga akwati ko kaɗan, a bokitin yashi ake binne shi, a ajiye nesa da kaya. An kuma zauna da shugabannin 'yan gwangwan da na masu jari bola, waɗanda a gaskiya su ne suka riga kowa tsintar waɗannan kaya a lungu da saƙo. Abin da suke nema a cikin batir shi ne jan ƙarfe da alminiyom, kuma hanyarsu ta fitar da su ita ce guduma da wuta. An bayyana musu cewa hayaƙin da ke tashi idan batirin litiyam ya ƙone yana ɗauke da iska mai guba da ke cin huhu, aka kuma yi musu tayin cewa ƙungiya za ta riƙa sayen batirin da bai fashe ba a kan farashin da ya ɗara na ƙarfen da ke cikinsa. Wasu sun karɓa, kuma ta hannunsu ne mafi yawan baturan laftof suka zo mana.

Inda aka fi zuba ƙarfi shi ne tantancewa, kuma ya kamata mambobi su fahimci dalilin da ya sa take cin lokaci. Batirin laftof ƙwayoyi ne da yawa a jere cikin kwanso guda, mafi yawansu irin waɗanda ake kira 18650 saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu kuma 65. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ko biyu ne suka lalace, allon kariya, wato ɗan allon lantarkin da ke tsare batir daga lahani, ya rufe batirin baki ɗaya, sauran kuwa lafiyarsu lau. Saboda haka akan buɗe kwanson a hankali, a auna kowace ƙwaya da mita. Wadda ta faɗi ƙasa da bolt 2 ba a ƙoƙarin farfaɗo da ita, domin a wannan matakin jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa, kuma idan aka tilasta mata caji tana iya haɗa waya daga ciki ta kama da wuta bayan an riga an kai ta gidan mutum. Waɗanda suka tsallake akan cika su zuwa bolt 4.2 ana lura da ko suna ɗaukar zafi, a ajiye su mako biyu a ga ko caji yana zurarewa, sannan a sauke cajinsu a na'ura a rubuta ainihin abin da kowace ke iya riƙewa. Wadda ta riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta na asali ko fiye takan shiga haɗin batirin ƙaramar sola ko na fanka, ta ƙasa da haka kaɗan takan tafi fitilar karatu da rediyo, inda nauyin aikin ba shi da yawa. Ba a haɗa ƙwayoyi masu bambancin ƙarfi a jeri ɗaya, kuma babu haɗin da ke fita daga hannun ƙungiya ba tare da allon kariya ba.

A nan ne aka fi samun saɓani a tsakanin mambobi. Kwamitin ladabtarwa ya saurari ƙorafe-ƙorafe a kan wasu da suka sayar da haɗin tsofaffin ƙwayoyi da sunan sabo, aka sa su mayar da kuɗi. Matsayin kwamitin zartarwa shi ne duk batirin da aka haɗa daga tsofaffin ƙwayoyi dole ya ɗauki takarda mai nuna cewa na hannu ne, da ƙarfin da aka auna, da ranar haɗawa, da lambar shagon da ya haɗa. Wasu sun ce takardar tana karya farashi, kuma gaskiya ne tana karyawa. Amma algus haramun ne a ciniki, kuma ranar da batir ɗaya mara takarda ya ƙone ɗakin wani, ba mai shagon kaɗai za a zarga ba, duk mai wannan sana'a ne zai rasa amincin jama'a.

An gudanar da horo ga yaran shago a kan awo, da haɗa ƙwayoyi da injin ɗinkin ƙarfe maimakon dalma mai zafi, da abin yi idan batir ya fara hayaƙi. An jaddada musu cewa wutar litiyam tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.

Babbar matsalar da muke son mambobi su dube ta da idon basira ita ce ta ƙwayoyin da suka mutu murus, waɗanda yanzu suka kusa cika ɗakin ajiyar da muka kama haya. Sake amfani yana hannunmu, sake sarrafawa kuwa aikin masana'anta ne. A can akan sauke cajin batir, a niƙa shi a rufaffen inji, a tace wani baƙin gari mai ɗauke da litiyam da kobalt da nikel da manganis, sannan a raba su ko dai ta hanyar narkarwa a tanderu ko ta jiƙawa a asid. Mafi yawan wannan aiki a Sin ake yin sa, sai kamfanoni irin su Umicore a Beljiyam da Redwood Materials a jihar Nebada ta Amurka. Abin da ke biyan kuɗin aikin shi ne kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, sai kuma nikel. To amma manyan baturan sola da ke cika gidajenmu yanzu galibi nau'in LFP ne, na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, masu bolt 3.2 a kowace ƙwaya. Sun fi jure zafi, sun fi daɗewa, sai dai babu kobalt ko nikel a cikinsu, don haka ranar da suka mutu ba wanda zai yi rububin sayensu, kuma jigilarsu zuwa Legas, inda ake samun masu lasisin karɓar irin wannan shara, kuɗi ce da sai wani ya biya.

Tarayyar Turai ta amsa wannan tambaya ta wa zai biya da dokar batura ta 2023, wadda ta ɗora nauyin tattarawa a kan mai ƙerawa da mai shigowa da kaya, ta kuma wajabta a ceto kashi 50 cikin ɗari na litiyam daga tsofaffin batura zuwa ƙarshen 2027, da kashi 80 zuwa ƙarshen 2031. A Nijeriya ma hukumar NESREA, mai kula da bin dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, waɗanda suka ginu a kan wannan tushe na cewa wanda ya kawo kaya kasuwa yana da alhaki a kansu har ƙarshen rayuwarsu. Kwamiti ya rubuta wa manyan dilolin da mambobinmu ke saro batura a wurinsu yana neman su ɗauki wani kaso na kuɗin jigila, kuma tattaunawa tana ci gaba. Abin takaici ne a ce an buɗe masana'antar tace duwatsun litiyam a jihar Nasarawa a 2024 domin a fitar da shi waje, ga shi kuma litiyam ɗin da ya riga ya dawo mana a cikin batura yana jibge a ɗakunan ajiya da juji.

Saboda haka kwamiti yana neman babban taro ya yanke hukunci a kan ƙarin kuɗin wata da za a keɓe domin jigilar matattun ƙwayoyi zuwa wurin masu lasisi kafin zafin bazara ya shigo, tunda ɗaki cike da batura a watan Afrilu haɗari ne ga maƙwabta. Yana kuma neman a shigar da takardar shaida cikin kundin tsarin ƙungiya, ta yadda wanda ya sayar da haɗin batir ba tare da ita ba zai fuskanci tara, idan ya maimaita a dakatar da shi. Mambobin da ke da akwatin tattarawa a shagunansu su kawo littafin rajistarsu ofishin sakatare mako guda kafin ranar taro, domin a daidaita shi da na ɗakin ajiya.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa